Olonka, inuwa da ruwan sama: inda yaran Zongo ke tsintar Turanci

Yaron da aka haifa a Sabon Zongo, ko Nima, ko Maamobi, kafin ya kai shekara 6 ya riga ya mallaki harshe biyu ko uku. Hausa ce ta lungu da ƙofar masallaci. A ɗaki wataƙila kakarsa da Zabarmanci take masa magana, ko Kotokoli, ko Dagbani, ko Fulatanci. In an aike shi Kaneshie ko Abossey Okai da Twi zai yi ciniki, wani sa'in da Ga. Ga kuma Larabcin da yake biyawa a makaranta, don mu nan in aka ce makaranta ta allo ake nufi, ta boko kuwa sukul muke ce mata. To amma jarrabawar BECE, wadda za ta yanke masa hukunci bayan shekara 9 da shigarsa aji 1, in ka cire takardun harsuna, da Turanci take zuwa. Lissafi da Turanci, kimiyya da Turanci, har darasin addini da tarbiyya da Turanci. Yaron da Turancinsa ya gaza ba darasi ɗaya yake faɗuwa ba, duka yake zubarwa. Sai ka ji a gida ana cewa ai wane ba shi da kan boko, a cire shi tun bai zaɓi komai da kansa ba.

A takarda tsarin gwamnati ba shi da laifi: a koyar da yaro da harshen gida tun daga KG har aji 3, Turanci ya zama darasi guda, daga aji 4 kuma a juya komai zuwa Turanci. An sha kai da kawowa a kan wannan. A 2002 gwamnatin Kufuor ta ce Turanci zalla tun daga aji 1. Daga baya aka janye, aka kawo shirin NALAP a shekarar karatu ta 2009/2010, aka buga littattafai da harsuna 11: Twi na Asante, Twi na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. A watan Oktoban 2025 ministan ilimi Haruna Iddrisu ya sake jaddada cewa dole a koyar da ƙananan yara da harshen uwa. Duk mun yi murna, amma ku sake duba jerin nan. Hausa ba ta ciki, ko da yake gidan rediyon gwamnati, GBC, ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. A Accra “harshen gida” na sukul shi ne Ga, wasu wuraren Twi. Ke nan yaron Zongo baƙon harshe yake tararwa ta kowace ƙofa ya shiga.

Sakamakon kuwa ba ɓoyayye ba ne, kuma ba mu kaɗai ya shafa ba. Gwajin karatun ƙananan azuzuwa da ake kira EGRA, wanda aka yi a 2013 aka maimaita a 2015, ya nuna cewa a cikin 'yan aji 2 na ƙasar nan kusan kashi 2 cikin 100 ne kaɗai ke karatu da sauri su kuma fahimci abin da suka karanta.

Turanci iri biyu

Ina koyar da aji 4, ajin da ake yin juyin nan, a wata sukul ta gwamnati, kuma yarana sun haura 50. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne yaransu suna “jin Turanci”. Suna kallon kartun, suna bin ƙwallon Ingila, suna zuba Pijin da 'yan uwansu kamar ruwa. Uba ya ji ɗansa na Turanci a waya, hankalinsa ya kwanta. Wani masanin koyon harshe a Kanada, Jim Cummins, ya daɗe da raba abin gida biyu: akwai harshen hira, wanda yaro kan kama cikin kamar shekara 2, akwai kuma harshen karatu, wanda kan ci shekara 5 zuwa 7. Na farkon ne yaranmu ke da shi. Na biyun ne ake tambaya a jarrabawa.

Bari in ba ku misali. Yarinya ce da ke tayar da mahaifiyarta sayar da koko da ƙosai kowace safiya kafin ta sa yunifom. Ba ta takardar sidi 20, ka sayi na 13, kafin ka rufe baki ta miƙo maka canjin 7. Rubuta mata wannan lissafin a allo, ka ƙare da “how much is left?”, sai ta tsaya tana kallonka, don “left” ɗin da ta sani shi ne hagu. “Take away” a wurinta abincin da aka zuba a roba ne za a tafi da shi gida. “Table” tebur ne, ba jadawali ba. “Volume” ƙarar rediyo ce. “Matter” kuwa, ga wanda ya tashi da Pijin, rigima ce, ba abin da ke da nauyi ya kuma tare wuri ba. Lissafin yana nan a kanta daram. Kalmomi huɗu ko biyar ne suka tsare hanya, kuma ba a darasin Turanci ake samun su ba, don littafin Turanci ba ya zancen su, littafin lissafi kuma ya ɗauka an riga an sani.

Daga nan ne batun haɗa darussa ya taso. Ba sabon abu ba ne. Tun 1975 wani rahoton gwamnatin Ingila, rahoton Bullock, ya ce koyar da harshe aikin kowane malami ne a kowane darasi. Manhajar da hukumar NaCCA ta fito da ita a 2019 ita ma ta buɗe ƙofar, tunda ta sa sadarwa da aiki tare cikin abubuwan da kowane darasi zai gina. Mu malaman firamare ma abin ya fi mana sauƙi, don mutum ɗaya ne ke riƙe da aji tun safe har tashi. Ba sai na nemi izinin malamin kimiyya ba, ni ne shi.

Makon kasuwa

Aikin da ya fi karɓuwa a ajina shi ne na awo. Kowa ya san olonka, gwangwanin da ake auna gari da wake da masara a kasuwar Nima ta ranar Laraba da duk sauran kasuwanninmu. Nakan aro olonka uku ko huɗu daga gidaje daban-daban, yara su kawo gwangwanin madara da na majarin da aka jefar. Ba na cewa a kawo abinci, don ba kowane gida ne ke da rarar kofi ɗaya na gari ba. Yashi ya isa.

Kafin kowa ya taɓa gwangwani, sai ya yi hasashe da baki, da jimlar da na rubuta a allo: “I think it will take … tins.” Yara shida-shida suke zama. Ɗaya na zubawa, ɗaya na ƙirge da ƙarfi da Turanci, ɗaya na rubutawa, ɗaya kuma shi zai tashi ya faɗa wa aji. A tsakaninsu da Hausa ko Twi suke gardama, ban hana ba. Amma rahoton da za a ba aji da Turanci ne, kuma kowane mako wani ne ke tashi, har wanda ya fi kowa kunya.

Daɗin aikin shi ne amsoshin ba sa zuwa ɗaya. Wannan rukuni ya ce kaza, wancan ya ce ya fi haka, gardama ta kaure. Me ya sa? Wani ya cika ya yi tozo, wani ya shafe baki. Wata olonkar an buga gindinta ya lotsa ciki. Wata yarinya ta ce ai a kasuwa ana ƙara gyara. Nan take ga “full”, “level”, “heaped”, “more than”, “less than”, “the same as”, kowace kalma da yashinta a hannu. Ga kuma dalilin da ya sa duniya ta ƙirƙiro lita da kilo, wanda shi ne ainihin abin da manhajar lissafi ke so su gane. Washegari a darasin addini da tarbiyya sai mu koma kan tauye mudu. Yaran makaranta sun haddace Suratul Muɗaffifina amma da yawansu ba su san a kan mai awo take magana ba. 'Yan ajin Kirista su ma suna da irin wannan gargaɗin a littafin Karin Magana. Kowa ya rubuta jimla uku da Turanci a kan mai ciniki na gari.

Ruwan leda shi ne ma'auninmu na gaskiya, don an buga 500ml a jikinsa, kuma babu yaron da bai san jaka ɗaya leda 30 ba ce. Lita nawa ke nan? 15. Leda nawa za ta cika jarkar Kufuor mai lita 25? 50. A nan ne nake kama matsalar “how much” da “how many”, wadda Hausa ba ta da ita tunda “nawa” ɗaya gare mu. Ruwa “much”, leda “many”. Gari “much”, gwangwani “many”. In ka bayyana wannan a matsayin dokar nahawu sai su haddace su manta. In suna riƙe da ledar a hannu ɗaya, ruwan na zuba a ɗaya, yakan zauna.

Akwai wani ƙarin da kakanninsu suka ba mu kyauta. Tun watan Yulin 2007 aka yanke wa kuɗinmu sifiri huɗu, sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma har gobe tsofaffin matanmu da tsohon ƙirge suke ciniki. Hajiya ta ce dubu hamsin, sidi 5 take nufi. Ta ce miliyan ɗaya, sidi 100 ke nan. Yara suna juya wannan a kai kullum ba tare da sun san cewa darasin matsayin lamba suke yi ba. Nakan sa su zama tafinta: ɗaya ya zama kaka mai tsohon kuɗi da Hausa, ɗaya baƙo mai Turanci, na uku ya fassara. Dariya ake yi sosai, amma “fifty thousand” da “five” sun daina rikicewa.

Makon yakan ƙare da waakye. Kowa ya je ya tambayi Mmansa yadda ake dafawa, da harshen gida, ya zana matakan, sannan a aji mu sa musu “first”, “next”, “after that”, “finally”. Wannan jerin shi ne ƙashin bayan rubuta gwajin kimiyya, kuma shi ne na insha'in “yadda ake yin kaza” da ke yawan fitowa a jarrabawa. Ranar da na faɗa musu cewa kalmar waakye, wadda duk Ghana ke rubutawa a allon shago, wakenmu ne na shinkafa da wake, ajin ya yi tsit. Sai suka shiga kawowa da kansu: koko, koose, tuo zaafi, fula, wahala, kayan da ke cikin kayayei, har zongo ɗin kansa. Yaron da aka saba ce wa harshensa “vernacular” ne, ya gano cewa Turancin Ghana ma ya ci bashi a gidansu. In akwai sobolo, wato zoɓo, mukan zuba a kofi uku: ɗaya a bar shi, ɗaya a matsa lemon tsami ya ƙara ja, ɗaya a sa kanwa ya yi duhu ya karkata kore. Bayanin sinadaran sai sun je JHS. Abin da nake so su tafi da shi yanzu shi ne “if you add …, it turns …”.

Sanda a tsakar fili

Aiki na biyu ba ya cin ko pesewa. Sanda ce mai tsawon mita 1, a kafa ta a gwangwanin yashi a tsakar fili, kowace awa yara biyu su fita su auna inuwarta da rula, su rubuta lokaci da tsawo. Zuwa tashi muna da jadawali, muna da zanen layi, muna da “long, longer, longest” da “short, shorter, shortest”, muna da faɗin lokaci da Turanci. Sai in tambaye su da Hausa: lokacin da inuwa ta gama raguwa ta fara dawowa, me malaman makaranta ke kiransa? Kullum akan sami wanda zai ce zawali. To shigar azahar ke nan. La'asar kuma, kamar yadda Risala ta koya mana, sai inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Wannan bayan an tashi sukul ne, don haka aikin gida ne: in ladan ya kira la'asar, a kafa muciya ko tsinke a auna, gobe a kawo jimla biyu.

Nan ma akwai abin da littattafan da ake kawo mana kyauta daga Turai ba za su faɗa musu ba. A Ingila inuwar tsakar rana kullum arewa take faɗawa. A Accra, da muke kusan digiri 5 da rabi sama da layin tsakiyar duniya, daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba kudu take faɗawa, sauran watannin kuma arewa. Layin Greenwich ya bi ta Tema, shi ya sa agogonmu da ranarmu suke kusan tafiya tare. Alƙibla kuma, wadda mu duka muke ce wa gabas, daga nan kusan digiri 64 take daga arewa, wato gabas mai karkata arewa. Yaron da ya tsaya a sahu sau biyar a rana ba ya mance “north-east” in ka nuna masa ita ce fuskarsa.

Ba don ƙawa nake jawo sallah cikin kimiyya ba. Kakanninmu sun guje wa boko don a hannun mishan ta zo, kuma ko da gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin GES a 1987, aka soma haɗa Turanci da Larabci a makarantunmu, tsoron bai gama fita ba. Har yanzu akwai uban da ke ganin awa shidan sukul wani gida ne daban, da wani ubangiji daban. In yaro ya dawo yana auna inuwar la'asar da rula, uban ya ga gidan ɗaya ne. Sai dai akwai iyaka. Sukul ta gwamnati ce, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ajina ba Musulmi ba ne, kuma ba fiƙihu nake koyarwa ba. Inuwa ta kowa ce. Wanda ba ya sallah, ya auna ta ƙarfe 3 da rabi.

Sunayen rana ma haka suke haɗa mu. “On which day were you born?” Kowa ya tambayi mutum biyar, mu yi zanen ginshiƙai a allo. Kofi da Afua su gano cewa su ne Ɗanjuma da Jummai, Kwame da Ama su ne Ɗan'asabe da Asabe, Akosua ita ce Ladi. Lahadi zuwa Alhamis kuwa ƙirgen Larabci ne daga ɗaya zuwa biyar. Amfanin wannan aikin a wurina shi ne “he” da “she”. Hausarmu ta Accra ba ta cika damuwa da namiji da mace ba, “Mma ya tafi kasuwa” muke cewa Kanawa na mana dariya, Twi ma kalma ɗaya gare ta. To dole yaro ya yi ta faɗin “she was born on Friday” yana nuna yarinyar da yatsa har bakinsa ya saba.

Da damina, Mayu da Yuni, mukan yanke robar ruwa mu yi ma'aunin ruwan sama, mu zana taswirar inda ruwan rufin sukul ke bi: kwata, babbar kwata, har Korle, har teku. 'Yan Nima da Maamobi tasu takan bi ta Odaw. Mu jefa leda, kwali, murfin kwalba da dutse a bokiti mu ga mai nutsewa da mai yawo a sama. Yaran ajina ba a haife su ba ranar 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka kashe mutum sama da 150, amma kusan kowane gida akwai mai labarin daren. Kalmomin wannan makon su ne “because” da “so”. Ƙarshensa wasiƙa ce zuwa ga wani jami'in unguwa a kan bolar da ta toshe kwatar bayan sukul. Amsa dai har yau shiru, amma sun iya rubuta adireshi da “Yours faithfully”.

Tambayar da ba a yi wa tsoho kai tsaye

Tarihi ne ya fi kowanne daɗi, shi ne kuma mai ƙaya. A taswira mukan bi hanyar fataken goro daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gonja, da yadda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa da malamai zuwa Kete Krachi da Kumasi da nan Ankara, kamar yadda tsofaffi ke kiran Accra. Mu ambaci Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami. Mu zo gida: Malam Bako, ɗan Malam Naino, shi ya kafa Sabon Zongo kafin yaƙin duniya na farko, Malam Amadu Futa kuma ya kafa Nima a shekarun 1930. Wata Ba'amurkiya, Deborah Pellow, ta rubuta littafi sukutum a kan unguwarmu. Duk wannan da shuɗaɗɗen lokaci ake faɗinsa, “came”, “bought”, “built”, “settled”, aikatau marasa bin doka da ke ba yara wahala.

Littattafan koyar da Turanci na waje suna son a ce wa yaro ya je ya tambayi kakansa daga ina ya zo. A Zongo wannan ba tambayar wasa ba ce. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa, aka kwashe gidaje cur daga unguwanninmu, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. Yau ma wanda ya je neman Ghana Card ko fasfo da sunan Hausa ya san irin tambayoyin da ake masa. Shi ya sa kafin wannan aikin nakan zaga gidajen da zan iya, in gaida manya. Wani dattijo da na durƙusa na yi wa bayani ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Ɗana, takardar nan ina za ta kwana?” Na ce, “Baba, a jakar jikanka.” Ya ce, “To ya tambaye ni sana'ar da na yi, da abin da muke ci muna yara, da yadda unguwar nan take kafin a kawo wuta. Sauran ka bar mini.” Tambayoyin da muke amfani da su ke nan. Jikan nasa ya kawo shafi guda a kan yadda ake kai shanu mayanka, da kurakurai fal, amma shi ne mafi tsawon abin da ya taɓa rubutawa da Turanci.

Kada wani ya ɗauka abin yana tafiya sumul. Jadawalin sukul a yanke yake gida-gida, kuma jami'in da ke zuwa duba mu yana son ya ga lissafi a lokacin lissafi, da lambar manhaja a gefen kowane darasi a littafin shiri. Wani ya taɓa shigowa ya tarar da yashi a kan benci, ya tambaya ko hutu muke. Dabarar ita ce ka rubuta lambobin darussan duka biyu, ka nuna masa. Littattafan sabuwar manhajar sun ɗauki shekaru kafin su iso, kwali da maka kuwa daga aljihun malami suke fita. Yara 50 da gwangwanaye ƙara ce da ajin maƙwabta ba ya yafewa.

Akwai kuma sukar da na yarda da ita. In malami bai yi hattara ba, sai a yi wasan yashi a tashi, babu lissafin babu Turancin. Don haka kowane aiki nakan shiga da jimla ɗaya ko biyu da kalmomi kamar takwas da na ƙudura, a rubuce a allo tun safe, kuma ba a tashi sai kowa ya faɗe su ya rubuta su. Haɗa darussa kuma ba ya maye gurbin koyon haɗa baƙi. Yaron da bai san sautin haruffa ba, olonka ba za ta koya masa ba. Wannan yana da rabin awarsa kowace safiya, musamman ga waɗanda suka fara da allo, masu fara rubutu daga dama, masu juya “b” da “d”.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne allon “No vernacular” da ke rataye a sukul masu zaman kansu da yawa, da bulala ko tarar da ake ci wa yaron da ya yi Hausa. Iyaye na biyan kuɗi suna jin daɗi, wai ana horo. Abin da ake samu shi ne aji mai shiru. A Najeriya, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada a Ife tun daga 1970: suka koyar da yara komai da Yarbanci har shekara 6, Turanci darasi guda a hannun ƙwararre, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Mu ba mu da wannan gatan, Hausa ba ta da kujera a manhaja. Amma babu dokar da ta hana yaro ya yi tunani da ita kafin ya buɗe baki.

Iyaye kan tambaye ni, “Ticha, mu da ba mu yi sukul ba me za mu yi?” Mma, abin da kike yi ne: ki sa shi ya ƙirga canji, ya auna gero, ki ba shi labari da harshenki, sannan ki ce ya faɗa miki sunan abin da Turanci, ke ki zama ɗalibar. Mutanen Nima da Maamobi suna da ɗakin karatun yara da asusun Osu Children's Library Fund na Kathy Knowles ya gina, ranar da babu makaranta a tura su can. Wanda kuma ke son ya ga aikin da idonsa, a makon farko na Afrilu rana takan tsaya cak a kan Accra, inuwar sandar ta kusan ɓacewa gaba ɗaya. Wajen ƙarfe 12 ne, in babu hadari. A tsakar gida ma tana yi, muciya da gwangwanin yashi kawai ake bukata.